Kamu Huɗu Tsakanin Kuka da Teku

Bayan la'asar Mwatima ta kwashe kanumfarin da ta shanya a tabarma, ta ɗure a buhu. Zanenta ja mai ɗigon baƙi bai gama bushewa ba, sai ta bar shi a igiya. Ta ɗauki mabuɗin ofishin sheha, mai unguwarsu, da littafin da Ticha Faki ya rubuta mata, ta kama hanya.

Duk Tondoni an san Mwatima. Shekara shida da rasuwar mijinta Ussi, ba a haifi wanda ya ci ta a ciniki ba. In ta auna maka kanumfari sai ta shafe bakin mudu da yatsa, gyara kuwa ko tsinke ɗaya ba ka gani. Aji huɗu ta yi a makaranta. Amma ranar da masu aikin taswira suka zo neman wanda zai koya, samari duk sun tsallaka tsibirin Unguja suna tuƙa babur, ita ta ɗaga hannu. Mako uku Ticha Faki yana koya mata. Sun zaga gonakin ƙauyen kaf da 'yar na'urar awo a hannu, sannan ya koma birni ya bar ta da sauran aikin a akwatin na'urar da ke ofis.

A rumfar mai shayi ta tarar da Pandu, ƙanin marigayin, ya miƙe ƙafa.

"A'a, ga injiniya!" in ji shi. "Matar yaya, yau ma za a je a tatsi akwatin?"

"Za a je. Kai ma ci gaba da tatsar kofin shayin mutane."

Aka kwashe da dariya. Pandu bai yi ba.

"Gobe da hantsi ma'aikatan ƙasa za su iso," ya ce. "In akwatin nan naki bai yi magana ba, dattawa za su yi. Kin kuwa san abin da za su ce."

Ta sani. Gonar kanumfarin da take nomawa sadakinta ce, Ussi ya ba ta a gaban shaidu, sai dai shaidun duk sun kwanta dama. Pandu ya rantse ta gidansu ce. In taswira ta buɗe a wayar ma'aikata da sunanta a kan gonar, za su buga hatimi, magana ta mutu. In ba ta buɗe ba, su wuce ƙauye na gaba, a bar ta da abokan shan shayin Pandu.

Ta gyara mayafi ta wuce.

Gwaggo Mtumwa, yayar uban Ussi, tana bakin ƙofarta tana saƙar tabarma. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ki fito kafin rana ta faɗi, 'yar nan. Ofishin nan a jikin hanyarsu yake."

"Na ji, Gwaggo."

"Kin ji, ko kin ji?"

Hanyar da take nufi ba wata babbar hanya ba ce. Siririn fili ne, faɗin kamu huɗu, ya taso daga tsohuwar kukar kan tudu, ya ratsa tsakanin gonaki, ya bi ta gefen gonar Mwatima, ya goga bangon ofis, ya gangara teku. Ba a noma shi. Ba a ɗaure akuya a cikinsa. Ta nan masu wuri, waɗanda ido ba ya gani, ke sauka ruwa in rana ta faɗi. Ko ranar awo, sai da Mwatima ta bi gefe guda ta dawo ta ɗayan, ta bar tsakiyar.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da taga mai ƙarafa a bayan kujera. Warin kashin jemage da tsohuwar takarda. A ƙarƙashin tebur baƙin akwatin yake, wanda Ticha ke ce wa sabar. Aikinsa ya yanyanka taswira ƙanana-ƙanana kamar tayil, duk wanda ya buɗe adireshin a wayarsa ya miƙa masa yankin da ya nema. Ta yi bisimilla, ta danna maɓalli. Fanka ta fara huci.

Ta buɗe littafin tana bin layi da yatsa. Ta ba akwatin fayil ɗin gonaki. Ta rubuta adireshin harafi-harafi, harshe a waje.

Allo fari fat.

Ta koma shafin farko. Ashe ta tsallake layi na uku, ba ta tashi shirin da ke miƙa taswirar ba. Ta tashe shi, ta sake buɗewa. Sai ga shuɗi ya cika allon, ga gonakin Tondoni duka suna yawo a tsakiyar teku, ko ƙasa babu kusa.

Ta kira Ticha. Hayaniyar motoci ta cika wayar.

"Ticha, ƙauyenmu ya faɗa ruwa."

Ya yi dariya har da tari. Bi yake ce mata, wato uwargida, don girmamawa. "Bi Mwatima, kin juya lambobin ne. Na tsaye kin sa a gidan na kwance. Kowa da haka yake farawa. Shafi na biyar, musanya su."

Ta musanya. Ƙauyen ya dawo kan tudu. Ga masallaci, ga rijiya, ga rufin ofishin da take zaune a ciki. Ga gonarta, da sunanta a kai. Ta daɗe tana kallon sunan.

Sai ta ga jan layi. Dogo, siriri, daga kuka har teku, yana ƙyaftawa.

"Ticha, akwai ja."

"Giɓi ne. Wuri ne da ba ki ba kowa ba. Na'ura ba ta son ƙasar da ba mai ita, su ma ma'aikata za su yi ta tambaya. Akwai maɓallin toshe giɓi a sama, danna shi, zai raba wa maƙwabta."

"In kuma da masu ita fa?"

"To sa sunansu mana. Su wa ne?"

Ɗan birni ne, me za ta ce masa?

"Motata ta zo, Bi Mwatima. Ki danna kawai. Sai gobe."

Wayar ta mutu.

Ta matsa kusa da allon. Daidai gefen gonarta, cikin filin nan, akwai itatuwan kanumfari biyu. Manya. Kowace shekara sai sun yi 'ya'ya har rassa su sunkuya, su zube a ƙasa su ruɓe, ba mai taɓawa. Shekara ashirin tana wucewa tana kallonsu, abin yana ci mata rai. Ta ce a ranta, ai hoto ne. Wa ya taɓa jin hoto ya tare wa wani hanya? Kuma ba ita ta ce ba, malami ne ya ce.

Ta danna.

Jan layin ya ɓace. Gonaki suka haɗe baki. Itatuwan biyu suka faɗo cikin nata. Ta adana, ta jingina da kujera, har da ɗan murmushi.

A nan ne ladan ya kira magariba.

Ba ta san lokaci ya tafi haka ba. Ta ce bari ta duba sau ɗaya ta rufe. Ta sake buɗe taswirar. Komai lafiya, sai yanki ɗaya can sama, inda kukar take. Ya zama ruwan toka, ba hoto.

Ta sake buɗewa. Yanzu biyu ne. Na kuka, da na ƙasa da shi.

Shafi na bakwai ya ce, in yanki ya ƙi fitowa, duba littafin baƙi. Wata baƙar taga ce a allon, inda akwatin ke rubuta duk wanda ya zo neman hoto, da lambarsa a farkon layi. Ta buɗe. Ga nata layukan, da lambarta. A ƙasansu wasu layuka suna sauka, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Ba lamba a farkonsu. Wurin fayau.

Ba wanda ta ba adireshin nan tukuna. Ko sheha bai sani ba.

Ta sunkuya ta zare wayar intanet daga bayan akwatin. Koriyar fitilar ta mutu. Ta ɗago.

Layukan suna ta sauka.

Yanki na uku ya yi toka. Na huɗu. Suna gangarowa ta inda jan layin yake ɗazu. Gonar Haji mai kwale-kwale. Gonar limamin da ya rasu. Ta ƙirga abin da ya rage kafin rufin ofis. Biyar.

A waje jemagu sun bar kuka. Kullum war haka suna cika itatuwan kwakwa da ƙara, yau ko ɗaya. Ba muryar ladan, ba ta yara. Fankar akwatin kawai.

Huɗu.

Wani ƙamshi ya shigo. Turaren udi, irin wanda ake yi wa gawa. A ƙarƙashinsa ƙarnin teku, irin na laka in ruwa ya janye.

Uku. Gonarta ce wannan.

Ta ce ta tashi ta gudu. Amma ƙofar ofis a kan hanyar take buɗewa. Taku biyu daga dokin ƙofa, ka shiga cikinta.

Biyu.

Sai ta ji tafiya. Ba takalmi. Ƙafafu masu yawa a kan busasshen ganye, suna sauka tare, suna ɗagawa tare, kamar masu ɗauke da abu mai nauyi.

Ɗaya.

Tafiyar ta tsaya.

"Hodi."

Ba daga ƙofa ba. Daga bango, inda ba ƙofa ba taga. Murya ce mai ladabi, a hankali, kamar ta tsohuwa, kamar kuma ta mutum goma da baki ɗaya.

A Tondoni ba a shiga wurin mutum sai an ce hodi, sallamarsu ke nan, ba a kuma barin mai hodi a tsaye. Ko maƙiyinka ne sai ka ce masa karibu, wato maraba, ya shigo, sannan ku yi faɗan. Tun tana goye bakinta ya saba. Ta ji kalmar ta taso mata har kan harshe. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije.

Sai a lokacin ta gane. Ta ba ofis rabonsa na hanyar. Yanzu wurin yana da mai shi, su kuwa ba sa ratsa wurin mutum sai da izini. In ta ce karibu, ta cikin ɗakin nan za su bi. Ta kanta.

Ta kama linzamin na'urar. Akwai kibiyar komawa baya, Ticha ya nuna mata. Ta danna. Gonaki suka rabu, siririn filin ya dawo a fayil, daga kuka har teku.

Da ta tsaya nan, da an gama. Amma Mwatima ce. Ta ga itatuwan biyu sun fita daga hannunta, ta ji kamar an zare mata haƙori. Ta kama iyakar gonarta da linzami, ta ɗan jawo ta cikin hanyar.

Ta cire mayafin daga baki. Da raɗa ta ce, "Kamu biyu. Ai ya ishi mai wucewa."

Shiru.

"Biyu da rabi. Ku bar mini itace ɗaya."

"Hodi."

Yanzu daga taga ne. Bayan wuyanta.

"Muna da kaya," in ji muryar.

Ƙwan solar da ke rufi ya yi ja, ya dusashe, ya mutu. Saura hasken allo. A baƙar tagar nan ta littafin baƙi, gilashin ya zama kamar madubi. Ba ta juya ba. Ba sai ta juya ba.

Suna bayan ƙarafan taga. Dogaye, kawunansu sun wuce saman tagar, sai fararen riguna da ke ɗigar ruwa. Biyu a gaba, biyu a baya, wasu a bayansu har inda ido ya kai. A kafaɗunsu makara. Faɗinta ya kai kamu huɗu.

Ba kowa a ciki. Shimfiɗe take, a lafe.

An lulluɓe ta da zane ja mai ɗigon baƙi.

Fitsari ya kusa kufce mata. Ta ja iyakar gonarta baya. Kamu huɗu. Ba ta tsaya ba, ta ƙara ja, har itacenta guda, nata na halak wanda Ussi ya dasa, ya faɗa cikin hanyar.

"Ga biyar," ta ce. "Huɗu naku. Ɗaya gyara."

Ta adana. Ta buɗe taswirar.

Ba abin da ya sauya.

Gonaki a haɗe. Ba hanya. Yankunan toka suna nan, har rufin ofis.

Ta sake buɗewa. Haka. Ta sake. Haka.

"Na mayar! Wallahi na mayar!"

Ƙarfen taga ya yi ƙara, kamar an jingina masa nauyi.

Littafin. Ta jawo shi gaban allo, shafuka suna manne da gumin hannunta. Biyar. Bakwai. Takwas. Rubutun Ticha yana rawa a idonta, ita da karatu ba sauri ba. Ta bi da yatsa, harafi-harafi.

In kin sauya abu bai sauya ba, akwatin yana ba da tsoffin hotunan da ya ajiye ne. Share su. Kashe. Kunna.

Ruwa ya ɗigo mata a kafaɗa. Mai sanyi. Mai gishiri.

Ta nemo ma'ajiyar tsoffin hotunan. Linzami ya zame, ta danna wani wuri. Ta dawo. Ta share. Allon ya tambaye ta ko ta tabbata.

Ta tabbata.

Ta laluba ƙarƙashin tebur da yatsan ƙafa, ta danne maɓallin.

Fanka ta tsaya.

Duhu.

Ba ta taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai ɗis, ɗis, a kan siminti. Sai numfashi, ba nata ba, a gefen kunnenta, inda wuyan mutum ba zai kai ba daga taga.

Ta danna maɓallin.

Bai tashi ba.

Ta sake dannawa.

"Hodi."

A cikin kunnenta. A hankali. Kamar mai roƙo.

Bakinta ya buɗe da kansa. Ta ji harshenta ya ɗaga.

"Ka..."

Ƙit. Fanka ta yi huci.

Ta danne bakinta da hannu biyu. Fararen rubutu suka gudana a allo. Ta saki hannu ɗaya, ta tashi shirin, layi na uku, wanda ta manta ɗazu. Ta buɗe adireshin.

Yankin farko ya fito. Kuka. Da layin hanyar a gindinta, ba ja ba yanzu, fari.

Na biyu. Na uku. Akwatin yana zana su sabbi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan ƙafa. Gonar Haji. Gonar liman. Tata, da hanyar ta yi ciki a gefenta.

Rufin ofis. Farin layin ya goga bango, ya wuce, ya shiga shuɗi.

Numfashin ya janye.

Ƙafafun suka ɗaga tare. Ta ji su suna bin bango, wani abu mai faɗi yana gogar siminti, ƙiiii, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sun daɗe suna wucewa. Ba ta san suna da yawa haka ba. Can ƙasa ta ji ruwa ya buɗe, ya rufe.

Jemage ɗaya ya yi ƙara. Sauran suka amsa.

Ba ta kashe akwatin ba. Ba ta kulle ƙofa ba. Ta fita ta manne da bango, ta bi ta bayan ofis don kada ƙafarta ta taɓa hanyar, ta zura da gudu ba takalmi. Gwaggo Mtumwa tana tsaye a ƙofa da fitila, kamar mai jiran ta. Ta haska kafaɗarta da ta jiƙe, ta sunsuna.

"Kin amsa musu?"

Mwatima ta girgiza kai.

"Ko rabi?"

Mwatima ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta jawo ta ciki ta sa sakata.

Washegari da hantsi ma'aikata suka zo su uku. Mwatima ta mayar da wayar intanet, ta karanta musu adireshin. Taswira ta buɗe a wayoyinsu tas. Babbansu ya kira suna, gona-gona, yana buga hatimi. Da ya zo kan tata ya ce, "Mwatima binti Shaame," ya buga. Pandu ya tashi ya kakkaɓe riga.

Ƙaramin cikinsu ne ya ga farin layin.

"Mama, nan akwai kuskure. Kin bar giɓi. In toshe miki?"

"Taɓa ka gani," in ji ta.

"To na wa ne?"

Sheha ya kalli rufi. Dattawa suka kalli ƙafafunsu.

"Rubuta hanya," in ji Mwatima. "Kada ka ƙara ko harafi."

Pandu ya leƙo ta kafaɗar yaron, ya ga inda layin ya yi ciki. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Matar yaya! Ke da ko tsinke ba kya bari, kin yar da itace sukutum? Wa ya ci ki a ciniki?"

Ba ta kalle shi ba.

Zanen ba ya igiya da ta koma gida. Bayan kwana biyu masu tsintar ciyawar teku suka same shi a bakin ruwa, daidai ƙarshen hanyar, an ninke shi tsaf, an ɗora dutse a kai. Yana ƙamshin udi. Ta karɓa ta sa a ƙasan akwatin kayanta. Ta ce wa Gwaggo ranar da aka zo ɗaukarta a lulluɓe ta da shi, tunda an riga an gwada.

Har yau ita ke kula da akwatin ofis. Mutanen ƙauyuka biyu sun zo ta koya musu, tana kuma fara musu da shafi na takwas. Rana na yin ja take kulle ƙofa. Da safe in ta buɗe littafin baƙi takan ga layukan nan marasa lamba, daga kuka zuwa teku, daidai magariba. Ba ta share su.

Itatuwa uku ne yanzu ke zubar da 'ya'ya a ƙasa. Kunnenta na hagu kuma bai ƙara jin ɗumi ba, ko da tsakar rana.

A kasuwa tana nan yadda take. Ta cika mudu, ta shafe baki da yatsa. In baƙo bai san ta ba ya ce, "Haba Mama, ba gyara?" sai ta ɗaure bakin buhu, ta dube shi.

"Na riga na bayar," in ji ta.